Injin Ruwan Zafi da Taɓaryar Inna

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har lambar wayar matata sai na duba kafin in faɗa, amma ba zan taɓa mantawa da wata Talata a daminar da aka haifi 'yarmu ta fari ba. Shekara shida ke nan, kuma har yau in na ji ƙanshin ganyen darbejiya sai kunnuwana su ɗauki zafi. Na daɗe ina ɓoye labarin nan, sai na lura ni kaɗai nake ɓoye shi, duk Malanbil an riga an sani. To gara ku ji daga bakina.

Aikina a bakin gada yake, ina cike wa direbobin manyan motoci takardun duwan, wato na kwastan. Ina da biro uku a aljihun gaba, ina da hatimi, na yi makaranta har na kusa gamawa (kusa na ce, kada a tambaye ni sauran). Saboda haka mutane ke ce mini Mushe, yadda ake kiran malamin makaranta da Faransanci, ko da yake ban taɓa koyar da kowa komai ba. Sunan nan shi ya fara lalata ni. Mutumin da ake kira Mushe safe da yamma, sannu a hankali sai ya fara jin babu abin da zai gagare shi muddin an rubuta shi da Faransanci.

Matata Ramatu 'yar Garu ce, can bakin kogi. Mahaifiyarta, wadda duka muke kira Inna, sana'arta bandar kifi, ta fi shekara talatin tana yi. Gajeriya ce, siririya, hannuwanta kamar na maƙeri. A shekara uku da aurenmu ni da ita ba mu taɓa haɗa ido ba. In na je gaisuwa, daga bakin zana nake cire takalmi in durƙusa, ita kuma ta amsa tana kallon murhu. Ba ta taɓa kiran sunana ba. In dole ta ambace ni sai ta ce “wancan”, ko in tana cikin nishaɗi, “mai gidan Ramatu”. Haka ake yi, kuma ni ma haka na fi so, don tsoronta nake ji.

Da cikin Ramatu ya tsufa sai maganar da nake gudu ta taso. Haihuwar fari ce, al'ada kuwa ta ce a tafi gida wanka, kwana arba'in cur. Ni kuma raina bai so ba ko kaɗan. Damina ce, hanyar Garu ta zama kunu, asibiti yana nan cikin gari kusa da mu. Wannan shi ne dalilin da na ba mutane. Dalilin da ban faɗa ba shi ne, ba na son a haifa mini ɗa in riƙa ganinsa ranar Juma'a kawai daga bakin zana. Na roƙi Ramatu ta roƙi Inna, a bar ta a gidana, Inna ta zo ta yi mata wankan a nan.

Amsar ta dawo ta bakin Ramatu. Inna ta ce a Garu tana da busasshen itace ɗaki guda, mu a birni me muke da shi ban da jiƙaƙƙen kara? Wankan jego safe da yamma ne, da ruwa mai zafin gaske, wa zai dafa? Nan Mushe ya miƙe a cikina. Na ce a faɗa wa Inna gidana ba a buƙatar itace, zan sa injin da za a murɗa famfo kawai ruwan zafi ya zubo. Inna ta yarda, amma da sharaɗi: ranar da ruwan ya gaza, ko sau ɗaya ne, za ta kwashi 'yarta da jikanta su tafi Garu, kuma kada wancan ya ce uffan.

Wani direba da nake yi wa takardu ya kawo mini injin daga Kotonu. Fari ne sol, kamar ƙaramin akwati, ana rataye shi a bango, a haɗa masa butelin gaz irin na girki da tiyon ruwa. A samansa akwai baki inda ake ɗora bututun hayaƙi. Na kira Sa'idu pulombiye, mai haɗa famfo a unguwarmu, mutum mai sanyin magana wanda ya yi aiki a manyan gidaje a Paraku. Na kai shi makewayi, na nuna masa bangon da na zaɓa, daidai inda duk wanda ya buɗe ƙofa zai fara gani.

Sa'idu ya dubi ɗakin, ya dubi rufi, ya girgiza kai.

“Mushe, abin ga ba a sa shi cikin makewayi. Waje za mu kahwa shi, bayan bango, mu yi mai 'yar rumhwa, tiyon ruwa kaɗai shi shigo ciki.”

Na ce me ya sa.

“Wuta shaƙar iska takai kamar ni da kai. Ta shaƙa, ta hurar. In ba ta samu iska mai kyau ba, abin da taka hurarwa shi ka kashe mutum, kuma ba ya da wari, ba ka ganinai. Ɗakin ga ƙarami na. In ka nace sai ciki, sai in huda bango daga ƙasa iska ta samu hanya, in huda kwano daga bisa, bututu shi hau tsaye shi wuce ruhi, a sa mai hula don ruwan sama. Ko hakanan ma ni ban so.”

Huda bango! Bangon da na manna wa sabon karo, wato tayil, wata biyu da suka wuce. Huda kwano, a tsakiyar damina! Ga shi kuma in an kafa injin a bayan ɗaki, wa zai gan shi, ban da awakin maƙwabta? Ni so nake Inna ta buɗe ƙofa ta ga abu yana ƙyalli, ta san 'yarta ba wurin banza aka kai ta ba. Na zaro takardar injin daga kwali na kaɗa ta a gaban Sa'idu, na ce na karanta, babu inda aka ce sai an ɓata gida.

Sa'idu ya tattara kayan aikinsa a hankali ya ce, “To Mushe, kai ka yi lakwal, kai ka san karatu. Amma ni ba ni sa hannuna ga wanga aiki.” Ya yi sallama ya fita. Da Ramatu ta tambaye ni, na ce mata mutanen nan ba sa son ci gaba.

Ko na karanta takardar? Na karanta, mana. Na karanta shafin da ke da hoton wata mata tana murmushi a ƙarƙashin ruwa. Akwai wasu shafuka huɗu masu jan zane da alamar gargaɗi, na dube su sama-sama na yanke hukunci cewa waɗannan na mutanen ƙasashen sanyi ne, mu nan ba ruwanmu.

Ranar Asabar na ɗaura injin da hannuna. Bututun hayaƙin na ɗora shi, ya hau har silin, na yanka silin ɗin na tura shi ciki. Sai ya zamana ya yi tsawo, yana tokarar kwano. Maimakon in huda kwanon, sai na lanƙwasa kan bututun na kwantar da shi a tsakanin silin da kwano, bakinsa ma yana ɗan kallon ƙasa. A lissafina hayaƙi ba jariri ba ne, in ya isa can zai nemi hanyarsa. Na kunna, ƙofa a buɗe, na minti biyu. Wutar ta kama shuɗiya, ruwa ya zubo da zafi har ya ƙona mini yatsa. Na tsotsi yatsan ina jin daɗi, na ce a raina ina ma Sa'idu yana nan.

Ranar Litinin Ramatu ta sauka lafiya, mace. Talata da safe aka sallame su, kafin azahar kuma ga Inna a bayan kabu-kabu, taɓo har gwiwa, da ƙullin kanwa, da kwandon bandar kifi, da wani ƙaton dami na ganyen darbejiya wanda za a riƙa tsomawa a ruwan zafi ana fyaɗa wa mai jego. Ta ɗauki jikarta ta yi mata addu'a, ta sha ruwa, sannan ta ce a nuna mata wurin wankan.

Makewayinmu a tsakar gida yake, ƙofarsa na kallon rumfar da ake zama. Na buɗe mata na koma gefe, kaina a ƙasa, ina jiran yabo. Ta daɗe tana kallon injin. Sannan ta ɗaga kai ta dubi tagar, wadda bulo ne mai ramuka, ta ce wa bango (da ni take, amma bango take kallo):

“Iska na shigowa nan. Mai biƙi ba ta son iska.”

Mai biƙi shi ne mai jego a bakin mutanenmu. Daga baya Ramatu ta gaya mini abin da Inna ke nufi bai wuce a rataya zane a tagar lokacin wanka ba. Amma ni a ranar, wannan ce magana ta farko da surukata ta taɓa yi mini a kan wani aiki, kuma na rantse sai ta ga ƙwazo. Na yayyaga tsohuwar katifa na cusa soso a kowane rami na tagar, na bi da takardar buhun siminti. Na buga tsohuwar robar taya a ƙasan ƙofa. Na toshe tsagar da ke saman ƙofa da tsumma. Har ramin makulli sai da na cusa wa auduga. Da na gama, ko sauro ne zai shiga ɗakin nan sai ya zo wurina na cike masa takarda. Ramin fitar ruwa kawai na bari, shi ma don ba yadda zan yi ne.

Bayan la'asar gida ya cika da mata 'yan barka, sun fi goma, a kan tabarmi ƙarƙashin rumfa. A cikinsu akwai maƙwabciyarmu Hajiya Gambi, wadda in ta ji labari da safe, kafin azahar an ji shi a garin Gaya, ƙetaren kogi. Lokacin wankan yamma ya yi. Inna ta ajiye damin darbejiyarta a bakin makewayi, sai ta tsaya. Ta ce ita ba ta sa 'yarta a ruwan da ba ta ga an dafa ba.

“Wancan ya kawo abin. Shi hwara shiga mu gani.”

Da ina da hankali da na ji kunya. Ni kuwa daɗi na ji. Na tsaya a gaban matan nan na yi musu ɗan jawabi a kan zamani, na ce daga yau an daina wahalar hura wuta, na ce ruwan injin nan ba ya ƙarewa ko za a kwana ana wanka. Hajiya Gambi ta ce, “Ikon Allah, Mushe, mu dai muna kallo.” Na ɗauki tawul na rataya a kafaɗa, na shiga, na ja ƙofa, na danna sakata.

Na rataye kayana da tawul a ƙusa, na murɗa famfo har ƙarshe. Injin ya yi fuf, ruwa ya zubo, tururi ya cika ɗaki. Don 'yan waje su san ina cikin ni'ima, sai na kama waƙa, wata waƙa da nake ƙirƙira nan take, ta yabon ruwan zafi da masu ilimi. Ina jin dariyarsu ta bango. Na ƙudura ba zan fito da wuri ba, sai na tabbatar wa Inna ruwan nan zai iya da kwana arba'in.

Can na leƙa 'yar tagar da ke jikin injin, inda ake ganin wutar. Ranar Asabar shuɗiya ce, tsaye. Yau ta zama rawaya, tana lilo kamar fitilar da mai ya ƙare mata. Kun san abin da na ce? Na ce lallai injin ya saba da gidan, ga shi har launi ya canza. Wutar nan tana gaya mini iskarta ta ƙare, abin da take fitarwa kuma yana dawowa ta ramin silin yana sauka a kaina, ni kuwa ina ƙara baiti.

Sai kaina ya fara sarawa, kamar an naɗa mini rawani an matse. Na ce rashin barci ne, kwana biyu ina zirga-zirgar asibiti. Sai zuciyata ta fara tashi. Na ce yunwa ce. Sai na nemi baiti na gaba na rasa, na nemi na baya shi ma ya gudu. Na ce bari in buɗe ƙofa kaɗan. Sakatar tana nan, taku ɗaya tsakanina da ita, ina ganinta, amma ƙafafuna suka ce ba da su ba. Na zauna a ƙasa don in huta na daƙiƙa ɗaya. Na ɗaga ido na ga tawul ɗina can sama a ƙusa, ya yi mini nisa kamar Kotonu. Abu na ƙarshe da na tuna na roƙa, kuma Allah Ya yafe mini wautata, shi ne kada kowa ya buɗe ƙofar nan.

Abin da ya biyo baya ban gani ba, labari aka ba ni. Na Ramatu nake ba ku, don na Hajiya Gambi duk shekara ƙara tsawo yake.

Matan suna ta hira, ba wanda ya lura waƙa ta tsaya sai Inna. Ta saurara. Ruwa na ta fita ta rami, amma ba motsin mutum. Ta dubi tagar da na toshe, ta dubi ƙasan ƙofa, sai ta miƙe zumbur. Matar da ta shekara talatin a bakin tanderun banda ba sai an karanta mata shafi mai jan zane ba, ta san abin da wuta ke yi in an rufe ta. Ta buga ƙofa, shiru. Sai ta kira sunana. Sunana na yanka, da ƙarfi, har sau uku, a gaban jama'a. (Sau ɗaya ke nan a duniya da surukata ta kira sunana, ni kuma ina sume ban ji ba. Wannan ya fi komai ƙona mini rai.)

Ta juya harshe zuwa Dandanci, yaren mutanen Garu, wanda in ta shiga shi kowa ya san babu wasa. Ta ce Ramatu ta shige ɗaki da jaririya, ta ce wata ta rufe butelin gaz da ke waje, gefen ƙofa, sauran su ja baya. Ta ɗauki taɓaryar da ke jingine a turmi. Duka uku ta yi, sakata ta yi tsalle. Ta toshe hancinta da gefen mayafi, ta shiga, ta kama ni ta idon sawu, ta jawo ni a kan karo, ta tsallakar da ni dokin ƙofa, har tsakiyar gida inda iska ke kaɗawa.

Ina roƙon mai karatu ya tuna inda na ce tawul yake.

Inna ta waiga, babu zane a kusa, babu buhu, mata goma sun daskare da baki buɗe. Abin da hannunta ya fara kaiwa gare shi shi ne damin darbejiya. Ta ɗauka ta kife mini.

Na farfaɗo na ga sama, da gajimare, da fuskoki kewaye da ni. Wata na yi mini fifita da faifai, wata ta fasa albasa ta manna mini a hanci (a Malanbil ko me ya same ka, albasa za a fara kawowa). Kaina kamar ana daka a ciki. Na ji wani abu mai sanyi yana sosa mini ciki, na sauke ido a hankali, na ga ganye. Na gane ganyen. Na gane inda nake. Na gane wadda ke tsaye can gefe ta juya baya tana haki, da taɓarya a kusa da ƙafarta. Sai na mayar da idona na rufe, na yanke shawarar ci gaba da suma har ranar da Allah Ya so.

“Ya tashi!” in ji Hajiya Gambi. “Ƙarya shikai, ku dibi kunnenai na motsi. Mushe, sannu da zamani!”

Inna ba ta juyo ba. Ta ce wa katanga, “A ba shi zane. A kai shi likita yanzu-yanzu, kada a ce ya warke.”

Zanen da aka samo na Ramatu ne, mai manyan furanni. A cikinsa aka naɗe ni, aka ɗora ni a bayan babur mai ƙafa uku da ke dakon albasa, aka ratsa da ni unguwa ana kallo. A asibiti, malamar da ta sallami Ramatu da safe ita na tarar. Ta dube ni, ta dubi zanen, ta ce, “A'a, Mushe, da sahe mun sallami uwargida. Kai kuma mi ka haihwa?” Suka sa mini abin shaƙar iska a hanci, suka ce sai na kwana.

Likitan da ya duba ni bai yi dariya ba. Ya tambayi yadda aka yi, na faɗa masa, har da soson katifa. Ya ce da an ƙara 'yan mintuna da ba wannan maganar ake ba. Sannan ya tambaye ni wa aka yi wa injin. Na ce matata, mai jego. Ya kalle ni ya ce, “Ita da ta zubar da jini jiya. Da tsohuwar da za ta yi mata wankan. Su biyu, ƙofa a rufe.” Ya wuce gado na gaba.

A nan dariya ta ƙare mini. Da Inna ba ta ce in fara shiga ba, da ni ne zan zauna a rumfa ina karɓar barka, ina taƙama, su kuma suna ciki, kuma na san ba zan lura da shirun ba. Wallahi na yi kuka a gadon nan, na ji tsoron da ban taɓa ji ba, na ji na tsani Mushe da bironsa uku.

Washegari da hantsi na dawo gida, a cikin kayana wannan karon. Tun daga zaure na hango abin da nake tsammani: ƙullin kayan Inna a ɗaure a bakin ƙofa, da akwatin Ramatu, da bahon jaririya a kife a kai. Sharaɗi sharaɗi ne, kuma ruwan bai gaza kawai ba, neman rai ya yi. Na cire takalmi na durƙusa nesa da inda Inna ke zaune, na gaishe ta. Na ce:

“Inna, na yi wauta, ku gahwarce ni. In kun shirya, ni ka zuwa neman mota ta kai ku Garu.”

Ina kallon ƙasa, amma na ji a jikina tana kallona, karo na farko ido buɗe (to, karo na biyu). Sannan ta ɗaga murya ta kira 'yarta.

“Ramatu, kwance kayan ga. Ba mu zuwa ko'ina.”

Ramatu ta leƙo ta ce, “Inna, ba ke kinka ce a ɗaure ba?”

“Na sake shawara. Jinjira na da uwa, uwa na da ni. Wanga in mun tahi mun bar shi, wa ka tsaronai?”

Haka na samu abin da nake nema. Matata da 'yata suka yi kwana arba'in a gidana, ba don na burge kowa ba, sai don an ga ba a iya barina ni kaɗai.

Da yamma na je da ƙafata na ba Sa'idu haƙuri. Da ya ce ai na gaya maka, da na fi samun sauƙi. Bai ce ba. Ya miƙo mini hannu ya ce, “Mushe, ina gajiyar wanka?” Washegari ya zo ya sauke injin, ya kafa shi a bayan ɗaki ƙarƙashin 'yar rumfa mai buɗaɗɗen gefe. Ya jefar da lanƙwasasshen bututuna, wanda cikinsa ya yi baƙi ƙirin, ya sa sabo ya hau tsaye har ya wuce bakin kwano, ya ɗora masa hula. Ya shafa ruwan sabulu a duk mahaɗar tiyon gaz yana duba ko zai yi kumfa. Ni kuma ya sa ni na zare soson katifa daga taga, rami bayan rami, a gaban kowa. Da ya kunna ya kira ni ya nuna mini wutar, ya ce muddin shuɗiya ce lafiya, ranar da na ga ta yi rawaya in kashe in kira shi, kada in yi mata waƙa.

Inna tana tsaye tana kallon aikin. Ta gyaɗa kai ta ce wa Sa'idu, “Hakanan tanderun banda yake. Baki ƙasa, hanci bisa. Kowace wuta haka taka so.” Wato abin da ke cikin shafuka huɗun nan duka yana kan tsohuwar nan, ban dai tambaya ba.

Kada ku ɗauka an yi wankan jegon da injin. Inna ta ce ta gode, a kawo itace. Ni na riƙa zuwa kasuwa ina ɗauro shi a bayan babur, in shanya a zaure, in faskara, kwana arba'in. Injin kuwa, wadda ta fi kowa morarsa ita ce Inna. Ta gano yana yi wa gwiwoyinta daɗi, yanzu in ta zo gari kafin ta zauna sai ta ce a kunna mata “abin wancan”.

A bakin gada sunana ya ƙaru, na zama Mushe Darbejiya. Direbobi daga Kotonu har Yamai da shi suke nemana, wasu sun ɗauka sunan kakana ne. Ranar suna, da liman ya tambayi sunan jaririya, na ji wani daga baya ya ce a sa mata Ganye, aka yi ta tari ana ɓoye dariya.

Ƙofar makewayinmu har yau ba ta da sakata. Inna ta hana a mayar, ba wanda ya isa ya ɗaga maganar. Ta kuma kafa doka kafin ta koma Garu: in wancan ya shiga wanka, dole ya riƙa waƙa. Shekara shida ina bin dokar nan. In na yi shiru ina goga sabulu a fuska, sai in ji Ramatu daga rumfa ta ce, “Mushe, muna saurare.”

Abin da na koya ba shi da yawa. Wuta tana son hanyar shaƙa a ƙasa da hanyar fitarwa a sama, kuma ba a kwana ɗaki ɗaya da ita a rufe. In mai sana'a ya tattara kayansa ya ce ba ya sa hannu, kai ma cire naka. Sannan duk abin da za ka yi a duniyar nan, ka rataye tawul inda hannunka zai kai daga ƙasa.